Wane ruwa ya dace da kifin ado a Katsina?

Akwatin gilashi mai kifin ado ya fara samun gindin zama a Katsina. Ana ganinsa a falon gidaje, a ofisoshi, a ɗakunan jiran baƙi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan kifayen da ke mutuwa cikin makonnin farko bayan an saye su. Mai su ya zargi wanda ya sayar masa, ko ya zargi abinci, wani ma ya ce kambun baka ne. Idan ka tambaye shi batun ruwa, amsar kusan ɗaya ce kullum: "Haba malam, ai ruwan da muke sha ne na zuba masu, garau yake." A ganina a cikin wannan amsa matsalar take kwance. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a sha'anin ruwan kifi ido ba ya gane komai. Abubuwan da ke kashe kifi, kusan dukkansu ba su da launi kuma ba sa gurɓata hasken ruwa.

Mu ruwa yana shiga cikinmu ne ta baki, ya bi hanji, hanta da ƙoda su tace shi. Kifi kuwa ruwan yana gogar jininsa kai tsaye. Jajayen sassan nan da ke ƙarƙashin murfin kuncinsa, waɗanda yake numfashi da su, fatarsu siririya ce ƙwarai, tsakanin jini da ruwa babu wani shamaki na kirki. Ta nan iskar oksijin ke shiga, ta nan mafi yawan dattin jikinsa ke fita, ta nan kuma guba ke shiga idan akwai ta. Bayan haka jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri nesa ba kusa ba, saboda haka ruwa yana ta kutsawa cikin jikinsa dare da rana, shi kuma yana ta fitar da shi ta fitsari, yana tsotso ɗan gishirin da ke cikin ruwan don ya maye wanda ya zube. Jikinsa yana saitawa ne da irin ruwan da ya saba da shi. Ranar da ruwan ya canza farat ɗaya, sai aikin ya rikice.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutanenmu musamman. Kifin da muka fi sani a kiwo shi ne tarwaɗa, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda take rayuwa a kwalbati ko tankin roba, cikin ruwan da ya yi kore shar yana wari, zai ɗauka kifi halitta ce mai jure komai. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da take shaƙar iska daga sama, shi ya sa take iya daɗewa a ruwan da oksijin ya ƙare, har ma a wajen ruwa in dai jikinta da danshi. Gaiwa ta fi ta ma, ita da ke kwanciya cikin busasshen taɓo har damina ta zagayo. Ƙananan kifayen ado irin su tetira da gofi ba su da wannan baiwa. Ilimin kiwon tarwaɗa yana da amfaninsa, amma wanda ya ɗauko shi sukutum ya ɗora wa akwatin gilashi zai yi asara.

Bari mu bi hanyoyin ruwan da muke da su. Ruwan famfo na birnin Katsina ya daɗe yana zuwa daga madatsar Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Ɓatagarawa, tun shekarun 1970, ga kuma madatsar Zobe ta kusa da Dutsin-ma wadda aka kammala gininta a 1983. A ɓangaren Daura akwai madatsar Sabke. Ruwan madatsa ruwan sama ne da ya gangaro ya taru, ana tace shi da alif don laka ta kwanta, sannan a sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Wannan kulorin alheri ne gare mu, musamman ga duk wanda ya tuna annobar amai da gudawa ta 2021 da ta taɓa jihar nan sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a samu ragowarsa aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwan ya isa ga mai sha, kuma har miligiram 5 ba ta ɗauke shi haɗari ga mutum ba. Kifi kuwa miligiram 0.1 ma yana ƙona masa wurin numfashi. Sai ka ga sun taso sama suna haki, gobe da safe an kwashe gawa.

Sa'ar da aka yi, kulorin yana da sauƙin magani. Idan aka tari ruwa a buɗaɗɗen duro aka bar shi ya kwana ɗaya ko biyu, musamman da famfon iska, ƙaramin injin da ke tura kumfar iska cikin ruwa, yana motsa shi, zai fice da kansa. Akwai kuma ɗan ruwan magani da masu sayar da kayan kifi ke da shi, mai ɗauke da sinadarin sodiyam tayosalfet, wanda ke kashe kulorin nan take. Wasu matatun ruwa a duniya suna amfani da kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, shi kuwa kwana ba ya fitar da shi, don haka wanda ya samu maganin ya riƙa ɗigawa ya fi kwanciyar hankali. Sannan famfon da ya yi kwanaki bai kawo ba, ruwan farko da zai zo yana tafe da tsatsa da lakar bututu. A bar shi ya zuba a yi wanki da shi, a tari na baya.

Sai dai gaskiyar magana, gidaje da yawa a Katsina da Daura a yau rijiyar burtsatse suka dogara da ita, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi dogon nazari, domin ruwanta ne ya fi yaudara. Yana fitowa fes, babu kulorin, mutum ya ga ai babu abin jira. Amma ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa bai haɗu da iska ba. Oksijin ɗinsa kaɗan ne, wani lokaci kusan babu, iskar kabon kuwa ta yi masa yawa. Wannan iskar kabon tana sa ruwan ya ɗan yi tsami a ma'aunin pH, ma'aunin nan da ke tashi daga 0 zuwa 14, wanda 7 ce tsakiyarsa, ƙasa da ita tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Da zarar ruwan ya sha iska, kabon ya fice, sai pH ɗin ya hau. Ke nan ruwan da ka auna a bakin famfo da wanda ka auna bayan ya kwana suna iya zama ruwa biyu daban. Idan ka zuba shi ɗanye cikin akwatin, to a jikin kifayen wannan canji zai faru. Kuma ya kamata a sani cewa tazarar lamba ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ce: ruwa mai pH 6 ya fi mai pH 7 tsami sau goma.

Wasu rijiyoyin kuma suna da ƙarfe narkakke. Alamarsa sananniya ce ga matan gida: ruwa ya fito fari, bayan 'yan sa'o'i ya koma ja-ja, bokiti da tayil ɗin banɗaki su rine. Wannan tsatsar tana liƙewa a wurin numfashin kifi. Ita ma kwana a duro da motsin iska yana sa ta ta kwanta a ƙasa, a ɗebi na sama.

Ba kuma za a ce "ruwan burtsatsen Katsina kaza yake" a yi shiru ba. Tsakiya da kudancin jihar suna zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri, inda ruwa ke maƙalewa a tsagogi da rubabben saman dutsen, yayin da sassan arewa wajen iyakar Nijar ke da shimfiɗun yashi da tsakuwa. Zurfin rijiya ma yana canza abin da ruwa ya kwaso. Rijiyar Ƙofar Ƙaura da ta Ƙofar Sauri ba lalle su zama ɗaya ba, kai har maƙwabta biyu masu katanga ɗaya, wannan ruwansa da daɗi, wancan da zartsi. Shawarar abokinka da kifayensa ke lafiya tana aiki ne a kan ruwan gidansa.

Rijiyar gargajiya marar zurfi, musamman a cikin tsohon gari inda gidaje ke cunkushe kuma masai ke kusa, matsalarta sinadarin naitiret ne da ke tsatsafowa daga shadda da taki. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 50 ce a lita, masu kiwon kifin ado kuwa suna ƙoƙarin kada nasu ya wuce 40, wasu ma 20. Wanda ruwan rijiyarsa ya riga ya zo da naitiret mai yawa, canjin ruwa ba zai rage masa komai ba. Sannan a lokacin annoba jami'an lafiya kan zuba kulorin mai ƙarfi a rijiyoyi, kuma daidai suka yi, amma mai kifi ya riƙa tambaya kafin ya ɗiba.

Ruwan 'yan ga-ruwa babu laifi a kansa, bayin Allah ne da ke rufa wa gari asiri. Abin lura shi ne yau ya ɗebo a wannan burtsatse, gobe layi ya yi tsawo ya koma wancan, kuma jarkokin da yawa an taɓa zuba mai ko wani abu a cikinsu. Idan dole da shi za a yi, a riƙe mutum ɗaya, a roƙe shi ya riƙa ɗebowa daga wuri ɗaya.

Mutane da yawa idan kifi ya mutu masu sau ɗaya sai su ce bari su nemo ruwa mafi tsabta, su koma ruwan sama ko ruwan leda. Ina fahimtar wannan tunani, amma yana iya zama gudun gara a faɗa zago. Ruwan sama kusan babu ma'adini a cikinsa, kuma ko mai tsabtar ne yana da ɗan tsami, pH ɗinsa wajen 5.6 saboda iskar kabon da ya sha a hanya. Ruwan da babu ma'adini ba shi da abin da zai riƙe masa pH, yau yana nan, gobe ya faɗi warwas da zarar dattin kifi ya taru. Ga rufin kwano, wanda aka shafe da sinadarin zink, shi kuma zink guba ne ga kifi ko da kaɗan ne. Ga ƙurar watanni bakwai ko takwas na rani da kashin tsuntsaye da ruwan farko ke wankowa ta indararo. Daminarmu kuma gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba ta tattara, sai mutum ya koma wani ruwan dabam. Ruwan leda shi ma ba abu ɗaya ba ne. Wani kamfani burtsatse yake tacewa sama-sama, wani yana da injin da ke cire kusan dukkan ma'adinan ruwa, kuma ba a rubuta wannan a jikin leda yadda mai kifi zai gane. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kuwa a bar wa shuka, ya bi ta kan ƙarfe da tagulla ya kwaso ƙurar ɗaki.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. A gari irin namu inda famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, inda rashin wuta ke hana tayar da injin burtsatse, abin da ya fi kashe kifi shi ne tsalle daga wannan ruwa zuwa wancan. Makon nan famfo, mako mai zuwa ga-ruwa, damina ta zo a tari na sama. Kowannensu shi kaɗai kifi zai iya sabawa da shi a hankali. Haɗuwarsu a jere ce jikinsa ba ya ɗauka. Don haka kafin a sayi kifi ko guda, a fara yanke shawarar wane ruwa ne ba zai yanke ba daga Janairu zuwa Disamba, a tanadi duron roba mai tsabta wanda ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba, a riƙa tara ruwan yana kwana a inuwa, da rariyar yadi a bakinsa saboda sauro. Daga wannan duro kaɗai za a riƙa ɗiba. Kuɗin duron bai kai na kifayen da za a binne ba in babu shi.

Bayan an san ruwan, sai a zaɓi kifin da ya dace da shi. Akasin haka ake yi galibi, a ga kifi mai kyau a waya a yi odarsa, sannan a fara kokawa da ruwa. Gwajin farko ba ya buƙatar kuɗi. Idan sabulu ba ya kumfa da sauri, kuma farin ɓawo yana taruwa a gindin butar dafa ruwa, to ruwanka mai tauri ne, wato yana da sinadaran kalsiyam da maganiziyam da yawa. Irin wannan ruwa shi ne abin da gofi ke so, kifin da asalinsa Tirinidad da Benezuwela ne, haka moli da filati da mai wutsiyar takobi na Meziko da Amurka ta Tsakiya. Kifayen tafkin Malawi masu launin shuɗi da rawaya, 'yan uwan karfasarmu, su ma sun fito ne daga ruwan da pH ɗinsa ya kusa 8 ko ya ɗara. Amma niyon tetira da diskas 'yan kogin Amazon ne, inda ruwa ke da laushi da tsami saboda ruɓaɓɓen ganye. Diskas a ruwan burtsatse mai zartsi wahala ce ga kifin da mai shi baki ɗaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke mantawa da namu: kifin kiribensis mai jan ciki, wanda ake ji da shi a Turai da Amurka, daga kudancin Nijeriya ya fito, kuma yana da haƙuri da ruwa iri-iri. Shi kuwa jan kifin nan na ƙasar Sin da ake kira golfish, wanda aka fi sayarwa, ba ɗan ƙasar zafi ba ne, ga yawan kashi, ga buƙatar wuri mai faɗi. Ƙaramin kwanon gilashin da ake saka shi a ciki zalunci ne.

Wanda ruwansa ya yi laushi da yawa yana iya sa ɗan dutsen farar ƙasa, irin wanda ake niƙawa a abincin kajin ƙwai, cikin ƙaramin ƙunshi a matatar akwatin, wato na'urar da ke tace ruwansa ta cikin soso. Yana narkewa sannu a hankali yana riƙe pH. Kada a jefa kanwa. Tana ɗaga pH da ƙarfi lokaci guda, kuma kowace kanwa da irin haɗinta.

To ko an dace da ruwan, da zarar kifi ya shiga shi da kansa zai fara ɓata shi. Yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi, ragowar abinci ma tana ruɓewa ta zama amoniya. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A akwati tana nan tare da shi, kamar mutumin da ya rufe ɗaki ya kwana da gawayi a kunne. Abin da ke ceton kifi wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin soson matata da tsakuwa. Rukuni ɗaya yana mayar da amoniya naitirayit, wadda ita ma guba ce, tana hana jini ɗaukar oksijin har ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Rukuni na biyu yana mayar da ita naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da zai iya aikin. Wannan ne dalilin mutuwar makonnin farko: an cika sabon akwati da kifi goma sha a rana ɗaya, babu mai kwashe dattinsu. A fara da biyu ko uku, a rage abinci, a ƙara saura a hankali.

Kuma tsabtar da muka saba da ita tana iya yin ɓarna a nan. Uwargida ko yaro mai son birgewa ya kwashe kifaye a roba, ya zubar da ruwan duka, ya wanke gilashi da tsakuwa da omo, ya shanya soso a rana. Akwatin ya yi ƙal, amma an kashe ƙwayoyin da aka yi wata guda ana reno, an kuma bar sauran sabulu. Abin da ya dace shi ne a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ruwan duk mako da tiyo, ana bi ta cikin tsakuwa, a cike da na duro, a matse soson cikin tsohon ruwan da aka zuƙo.

Amoniya tana da wata ɗabi'a da ta shafe mu kai tsaye. Dafinta yana ƙaruwa da hawan pH da kuma zafi. A digiri 25 na Salshiyas da pH 7, abin da ke da dafi a cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ya haura kashi 5, idan zafi ya kai digiri 30 ya wuce kashi 7. Ke nan mai ruwan burtsatse mai tauri a watan Afrilu yana kan gaɓa fiye da kowa. Ga shi ruwan zafi ba ya riƙe oksijin sosai: a digiri 20 lita tana ɗaukar wajen miligiram 9, a digiri 35 ta sauko wajen 7, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa. Kifayen ƙasashen zafi sun fi sakewa tsakanin digiri 24 da 27, bazarar Katsina kuwa tana haura 40 a waje. Ruwan baƙin tankin saman gida da azahar kowa ya san yadda yake ƙona hannu, zuba shi a akwati kisa ne. A nisanta akwatin daga taga da bangon da rana ke duka, a buɗe murfi, a sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana iya rage digiri biyu ko uku. Kada a jefa ƙanƙarar kasuwa a ciki. Idan wuta ta ɗauke, matata ta tsaya, ƙwayoyin nan ma oksijin suke buƙata, shi ya sa ƙaramin famfon iska mai batir ko mai sola ya fi fitilu masu launi muhimmanci.

Hunturu kuma nasa salon daban. Daren Disamba da Janairu yana saukowa ƙasa da digiri 15, ƙaramin akwati ya yi sanyi da asuba ya ɗumama da rana, wannan hawa da sauka yana raunana kifi har cutar fararen ɗigo ta kama shi. Babban akwati mai lita 100 ya fi mai lita 20 riƙe zafinsa, kuma lulluɓe shi da bargo da dare yana taimakawa inda babu hita. Busasshiyar iskar tana shanye ruwa da sauri, sai mutum ya riƙa cikewa kawai yana ganin ya canza ruwa. Ruwan ne ya tashi, gishirinsa da naitiret suna nan, kowane ciko ƙara su yake yi. Dole a zuƙe a zubar.

Sai maganin sauro. Na feshi da fiya-fiya da na hayaƙi duk guba ne mai tsanani ga kifi, famfon iska kuma iskar ɗakin yake zuƙa yana turawa cikin ruwa. Duk daren da za a yi feshi, a kashe famfon, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen zane, kada a kunna sai an buɗe tagogi warin ya fita. Duron ajiyar ruwa ma a duba inda aka girke shi, kada ya zama a lungun da ake fesawa.